Wayar da Aka Ɗaura Don Ta Tsinke

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a fada, majalisar hirar su Nasiru, ɗan wana, kusa da tashar Konni. Suna dafa shayi. Wani daga cikin abokansa ya ce, "Baba Sahabi, wai da gaske aikinka a filin jirgi duba wuƙa da gorar ruwa ne?"

Nasiru ya ce, "Ai Baba tun duniya ya samu hutu. Kaya biyar gare shi, kuma ba mai taɓa su. Ni in an ba ni aikin nan, daga kwance zan yi shi."

Suka yi dariya, ni ma na yi, na shanye shayina na tashi. Ban iya ba da amsa cikin hayaniya ba. Amma malamin ajinmu na manya ya ce kowa ya rubuta abin da hannunsa ya sani. To ga amsata, Nasiru, kai da abokanka.

Ba ku yi ƙarya ba, kayan biyar ne. Ƙananan jirage biyu nake yi wa aiki. Akwai jirgin feshi mai kujera ɗaya, wanda ke zuwa in fara ko tsuntsayen jan baki sun sauka gonaki. Akwai kuma mai kujera shida, mai kawo likitoci ko ɗaukar majinyaci. Ban taɓa inji, ban zuba mai. Nawa shi ne abin da mutum zai fita da shi in jirgi ya sauka inda ba a yi niyya ba: ɗamarar kujera da wuƙarta, ɗan gatari, tulun kashe wuta, jakar ceto, da jan hannun ƙofa.

Kafin nan shekara tara na yi ina apranti, wato yaron mota, a motar haya, tsakanin Dogarawa da Malbaza da Konni. Motar ta girme ni. Ƙofarta ta baya da waya take tsaye, bututun hayaƙi da waya, har kujerar direba. Bisa kanta kuwa buhunan albasa, siminti, awaki, gadon amarya, duk ni ke ɗaurewa. A tasha an san ni da wannan. In fasinja ya fara ƙorafi kan kayansa, sai direba ya ce, "Kwantar da hankalinka, Sahabi ya ɗaure. Sai dai wuƙa." Da wannan hannun na zo filin jirgi, lokacin da motar ta mutu gaba ɗaya aka ɗauke ni aikin mirgina gangunan maganin feshi.

Malam Barmu ne mai kula da kayan ceto a lokacin. Dattijo ne siriri, ba ya yawan magana, kullum da ɗan pansi, wato filaya, a aljihun gaba. Ya ga yadda nake ɗaure ganguna a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya ya ja igiyar ya wuce. Washegari ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗan mota, kana da hannu. Zo ka riƙe mini nan." Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Ɗamara ya fara koya mini. Maɗauri ne mai faɗi, reshe huɗu, biyu ta kafaɗa biyu ta ƙugu, duk suna haɗuwa a maɓalli ɗaya bisa cibiya. Ba ido kawai ake duba ta da shi ba. Kana bin ta da yatsa, kaɗan kaɗan, daga inda aka kafa ta har ƙarshe. Rana da gumi da maganin feshi suna cin zaren daga ciki. Wurin da ya fara mutuwa za ka ji ya yi kaushi kamar harshen saniya, alhali launinsa bai canza ba. Maɓallin kuma dole ya buɗe da juyi ɗaya, da hannu ɗaya, ko da nauyin mutum duka yana kansa. Malam Barmu kan rataye buhun yashi a ɗamarar jikin reshen bedi, wato dogon yaro, ya ce in buɗe da hagu. Sau nawa buhun nan ya faɗo mini bisa ƙafa, ban ƙirga ba.

Tulun kashe wuta shi ya fara ba ni kunya. Wata safiya na duba shi yadda aka nuna mini: allurar awonsa tana kan kore, na ɗora shi a sikeli nauyi ya cika, na kifa shi na ji garin ciki yana zuba. Na ce lafiya lau. Malam Barmu ya karyi tsinken tsintsiya ya miƙo mini, ya nuna bakin bututun. Na tura, ya ƙi shiga. Zanzaro ya gina ɗaki a ciki, laka ta bushe kamar bulo. Da wuta ta tashi, da an matsa an ji shiru. Yanzu shekara da shekaru ke nan ban fita gida ba tsinke a bayan kunne, matata har ta gaji da tambaya.

Jakar ceto kuwa da mutane ake fama, ba da ƙwari ba. A ciki akwai ruwa, madubin yi wa masu nema alama, ashana, bandeji da dabino. Masu lodi in ƙishi ya kama su sai su zuƙe ruwan su mai da gorar wurinta. Dabino kuwa kamar yana da ƙafa. Malam Barmu bai sa kwado ba. Zare ɗaya yake ɗinke bakin jakar da shi, farin zaren ɗinki, wanda ko tsohuwa za ta tsinke. In ya zo da safe ya ga zaren a tsinke, ya san an shiga. Na ce masa, "Shef, bari in yi mata ɗinkin buhu, mu huta." Ya ce, "Bar ta haka." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Haka muka taso, babba ya ce bari, ka bari.

Wuƙa da gatari kowanne da mazauninsa, wuƙa a gwiwar dama, gatari a bayan kafaɗa. Gwajinsu da rawani ake yi. Ya zaunar da ni a kujerar piloti, matuƙin jirgi, ya ɗaure ni tsam, ya naɗe mini ido, ya ce, "Hayaƙi ya cika. Ina wuƙa?" In hannuna ya yi lalube sau biyu, sai ya ce ba laifin hannun ba ne, laifin wanda ya ajiye ne, a sake wurin.

Mutanen da muke yi wa aiki iri iri ne. An taɓa kawo wani Alhaji zai raka ƙanensa asibitin Yamai a mai kujera shida. Ya zo da babbar riga mai aska takwas. Na ɗaura masa ɗamara, maɓallin ya ɓace cikin riga. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, sai an tuɓe ta ko a naɗe." Ya ce, "Ni za ka tuɓe gaban jama'a?" Na ce, "To buɗe in gani." Ya yi ta lalube har hularsa ta faɗi. Daga baya ya cire rigar da kansa, ya ce, "Riƙe, kuma kar ka gaya wa kowa a kasuwa." Wata tsohuwa kuma ta ajiye ƙullin kayanta daidai bakin ƙofar fita, ta zauna ta ɗora ƙafa a kai. Sai da na rantse mata cewa ba mai sata a sama kafin ta yarda aka kai shi baya.

Saura jan hannu, kuma saboda shi nake wannan rubutu. A jirgin feshi piloti yana shiga ta ƙofar gefe, ya rufe da sakata kamar ta mota. Amma in jirgi ya bugi ƙasa, jikinsa yakan lanƙwashe, sakatar ta cije. Tankin magani yana gaban ƙafafun piloti, mai yana cikin fukafukai dama da hagu. Gatari yana fasa gilashi, amma yana cin lokaci, wuta kuwa ba ta jira. Shi ya sa aka yi jan hannu a gefen gwiwar hagu. In aka fizge shi, ƙusoshin da ke riƙe ƙofar suna zarewa, ƙofar duka ta faɗi waje. Don kada girgiza ta zare shi a banza, ana ɗaure shi da ƴar siririyar waya ta jan ƙarfe, zagaye ɗaya, murɗi kaɗan.

Wannan ɗaurin Malam Barmu bai taɓa bar mini ba. Wayar tana cikin wani gwangwanin tumatir a aljihunsa. Nakan tsaya ina kallo, ina cewa a raina: dattijon nan akwai rowa. Waya kamar gashin wutsiyar doki, zagaye ɗaya tak, a jirgin da ke tashi sama? A motarmu ko madubi ba zan ɗaure haka ba. Akwai rubutu a gefen hannun, da Faransanci, jan fenti. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san abin da ya ce ba, kuma ban ga dalilin tambaya ba.

Damina ta uku da fara aikina ita ce muguwar shekara. Gero ya yi kyau, ya fara ido, sai fara ta taso. Daga arewacin Dogarawa har ƙasar Illela, in ka shiga gona sai ka ji ƙarar cinsu kamar ana yayyafi. Manoma suna zuwa filin jirgi a ƙafa, su tsaya bakin wayar shinge, su ce don Allah a fara da nasu gari. Aka kawo jirgi na biyu ya sauka wajen Illela, aka tafi da Malam Barmu can. Aka bar ni Konni da jirgi ɗaya da pilotinsa, Kumandan Yakuba.

Kumandan Yakuba mutum ne dogo, mai barkwanci, gwiwoyinsa har suna taɓa allon gaba. Yana tashi da fitowar rana, kafin iska ta taso. Ana cikin haka, wata safiya ya sauko ya kira ni, ya nuna mini jan hannun. Ya ce, "Ɗan mota, dubi wanga abu. Gwiwata ta taɓa shi, waya ta tsinke, tun Malbaza yake kaɗawa yana yi mini kiɗi. Gyara shi ya zauna, kar in sake jin motsinai."

Na duba akwati, babu wayar jan ƙarfe, gwangwanin ya tafi Illela a aljihun mai shi. Na je wurin makanike na ce ya ba ni waya mai kyau. Ya ba ni farar waya ta ƙarfe, wadda suke kulle ƙusoshin inji da ita. Bai tambaye ni ta mece ce ba, yana ƙarƙashin inji. Na ninka ta biyu, na zagaya sau uku, na murɗe da pansi har ta yi kamar kitso, na lanƙwasa bakin ciki don kada ta yagi wando. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin wannan ba. Kumandan ya leƙa, ya taɓa da yatsa, ya ce, "Yauwa. Haka ake aiki."

Kwana uku ya tashi da shi. A rana ta uku injin ya yi tari sau biyu a sama, saboda ruwa ya shiga wata gangar mai. Makanike ya tace man, aka ci gaba. Ga shamuwa ko'ina, suna bin fara garke garke, daidai tsayin da jirgin ke bi.

Rana ta huɗu aka shirya zai wuni arewacin Dogarawa. An share wani fako can, kamiyon mai da magani ya riga ya tafi, don ya riƙa sauka yana ƙari ba sai ya dawo Konni ba. Ya tashi da sassafe. Hantsi bai yi ba sai ga Malam Barmu a motar ma'aikata, ya zo ɗaukar bandeji. Muka gaisa. Ya tambayi tulu, na ce na tsokane. Ya tambayi jaka, na ce zare na nan. Sai na ce, "Shef, har jan hannu na gyara. Wayarka ta tsinke, na sa wadda ba ta tsinkewa." Na ciro guntun da ya rage daga aljihu na nuna masa.

Ya karɓa ya juya ta a hannu. Ya ce, "Ninki nawa?"

Na ce, "Biyu. Zagaye uku."

"Yaushe?"

"Yau kwana huɗu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna lillahi. Sahabi, wayar nan tawa don ta tsinke aka sa ta. In jirgin ya faɗi, da wane hannu zai tsinke wagga? Ka kulle mutum cikin tanda."

Ya nufi buro, ofishin fili, da sauri, ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Aka kira jirgin ta rediyo, shiru, don in yana ƙasa ƙasa bayan tuddai ba ya ji. Aka kira salular direban kamiyo, ba rezo, kira ba ya shiga. Shugaban fili ya ce a jira, ai da la'asar zai dawo. Malam Barmu ya ce, "Jirgin da ya yi tari jiya? Cikin shamuwa? Ba ni mota."

Muka fita mu uku da direba. Daga Konni zuwa Malbaza kamiyoyin siminti sun cika hanya, ga ramuka. Malam Barmu yana gaba, gwangwanin tumatir a cinyarsa. Direba yana ta faɗa da kamiyoyi. Bayan Dogarawa muka bar kwalta muka bi hanyar amalanke. Can muka fara jin jirgin. Ya wuce ta gabanmu, ƙasa ƙasa, farin feshi na bin sa, ya juya bisa wata kuka, shamuwa suka watse ta ko'ina. Na fito da kai ta taga ina kaɗa riga. Bai gan mu ba.

Sai muka iske ƙorama ta kawo ruwa, ta yanke hanya. Direba ya ce motar ba ta shiga. Wani makiyayi da ke bakin ruwan ya ce fakon yana bayan tudun can, ba nisa ga mai ƙafa. Malam Barmu ya dubi ruwan, ya dubi ƙafafunsa. Ya ciro pansinsa da gwangwanin, ya sa mini a hannu. Ya ce, "Zagaye ɗaya. Murɗi huɗu. Tahi."

Na sa su cikin hula na ɗora a kai na shiga. Ruwan ya kai mini ƙirji. Na haye, na bi ta cikin gero da gudu, fara tana bugun fuskata, takalmi ɗaya ya tsaya cikin laka na bar shi. Da na hau tudun na hango jirgin a ƙasa, an gama ƙari, ana janye tiyo, farfela tana juyawa. Na gangara na shiga tsakiyar fakon na tsaya, hannu biyu a sama.

Ya kashe inji. Ya buɗe ƙofa ya leƙo. Ya ce, "Kai, ɗan mota! Aljanu sun taɓa ka? Mi ya kawo ka nan jiƙe kamar kaza?"

Numfashi bai bar ni na yi dogon bayani ba. Na ce, "Kumandan, ja jan hannun."

Ya ce, "In ja, ƙofa ta faɗi, wa zai mai da ta?"

Na ce, "Ba za ta faɗi ba."

Ya dube ni. Ya kai hannu ya ja kaɗan. Ya ja da ƙarfi. Ya sa hannu biyu, ya taka ƙafa a jikin allo, har jijiyar wuyansa ta fito. Hannun ko motsi bai yi ba. Ya sake shi. Masu lodi duk sun taru.

Ya sauko. Na ɗauka mari ne, na tsaya. Sai ya ce, "Hau." Na hau. Ya ɗaure ni da ɗamara da kansa, ya rufe ƙofa, ya sa kafaɗa ya danne ta daga waje. Ya buga gilashi ya ce, "Wuta ta kama. Hita."

Na buɗe ɗamara da juyi ɗaya, wannan kam aikina ne mai kyau. Na ja hannun, ya ƙi. Na sa yatsu biyu a ƙarƙashin wayar ina neman bakinta, amma ni na lanƙwasa shi ciki don kada ya yagi wando. Rana tana dukan gilashi, warin magani ya cika wurin. Yana waje yana ƙirge da ƙarfi. Na ja har wayar ta shiga nama. Ya kai talatin, ya daina, ya buɗe ƙofar. Ya ce, "An yi jana'izarka tun a goma sha biyar. Sauko."

Ya ciro bandeji daga aljihunsa ya naɗe mini yatsun. Yana naɗi yana cewa, "Ni na yi karatun abin nan. Rubutun yana gabana kullum. Kwana huɗu ina kallon ɗaurinka ina jin daɗi ya daina yi mini kiɗi. In za a kori wani, da ni za a fara." Sai ya juya ga masu lodi ya ce, "Ku kuma mi kuke kallo? Fara ta tsaya jiranku?"

Na yanke farar wayar da pansi, sai da na yanka wuri uku. Na ɗaura ta jan ƙarfe, zagaye ɗaya, murɗi huɗu. Hannuna yana so ya ƙara, na hana shi. Kumandan ya ce a gwada. Muka sa mutum biyu suka tare ƙofar, ya ja, ta tsinke kamar zaren jaka, ƙofar ta faɗo hannunsu. Muka mai da ita, na sake ɗaurawa. Ya tashi. Gonakin garin nan an fesa su kafin azahar.

Da na koma bakin ƙorama na iske Malam Barmu zaune a gindin wata bagaruwa. Na miƙa masa pansi da gwangwani. Ya karɓi pansin, ya tura mini gwangwanin. Ya ce, "Wanda ya koya mini bai taɓa gaya mini dalilin komi ba, ni ma haka na yi maka. Daga yau in ka ga na yi abu, ka ce don mi. In ban amsa ba, ka sake cewa." A hanyar dawowa na tambaye shi don me zaren jaka ɗaya ne. Ya ce, "Mai karyayyen hannu ne zai buɗe ta." Shekara uku ina kallon zaren nan ina cewa rowa ce.

Ba a kore ni ba. An rubuta abin da ya faru, aka karanta mini, na dangwala yatsa mai bandeji. Gero kuwa a shekarar wasu sun samu rabi, wasu ko kara ba su ɗauka ba. Da aiki ya ƙare aka sallami masu lodi da yawa, ni ma na yi wata biyar ina dako a kasuwar Konni kafin a sake kira na. Malam Barmu ya yi damina ɗaya bayan nan ya ajiye aiki, ya koma garinsu. Allah Ya yi masa rasuwa bara waccan, Allah Ya jiƙansa.

Ɗaurin nan da kuke gani kamar wasa, ya fi duk ɗaurin da na yi a mota wuya. In ya yi sako sako, girgiza ta tsinke shi, ƙofa ta faɗi a sama. In ka ƙara murɗi biyu, ko ka sake amfani da wayar da aka taɓa lanƙwasawa, ko ka zagaya ta inda ja ba zai same ta kai tsaye ba, ka canza ƙarfinta. Kowace safiya nakan durƙusa in dube shi, in taɓa, in tashi. Wanda ya hango ni daga bakin waya zai ce ban yi komai ba.

Damina biyu bayan muguwar shekara, Kumandan Yakuba yana feshin jan baki gabas da Malbaza, shamuwa ta shiga farfela. Ya sauko da jirgin cikin gonar wake, ƙafa ɗaya ta bugi suri, jirgin ya kife bisa hanci. Sakata ta cije. Hayaƙi ya taso daga ƙasan ƙafafunsa. Manoman da ke wurin sun ce sun ga ƙofa ta yi tsalle, mutum ya biyo ta. Ya yi gudu har bakin gona kafin wutar ta kai fuffuke. Wani dattijo ya tare shi ya ce, "Malam, mi ne ne wanga a hannunka?" Sai a lokacin ya ga jan hannun yana cikin tafinsa, ya fito da shi bai sani ba.

Bayan kwana biyu ya zo fili, goshi da filasta, yana ɗingishi. Ina tsokane tulun mai kujera shida. Ya tsaya a kaina, ya ɓata fuska kamar mai faɗa. Ya ce, "Ɗan mota, wane irin aiki ne wanga? Ɗaurinka ya tsinke."

Na ce, "Da wuya, Kumandan?"

Ya ce, "Ko ji ban yi ba."

Ya buɗe hannu, ga guntun wayar jan ƙarfe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, murɗi huɗu. Ya sa mini a tafi.

Yana cikin gwangwanin tumatir har yau. A duk shekarun da na yi a filin nan, shi kaɗai ne aikina da aka taɓa amfani da shi. Nasiru, in har yanzu kana son aikin kwance, zo ranar Asabar da hantsi, ka taho da rawanin babanka. Zan zaunar da kai a kujera. Kuma duk abin da ka ga na yi, ka ce don me.